Yadda ake canza rashiyon aksul ɗin fikof dan ta ja tirela ba tare da ta galabaita ba

Masu Hilux da sauran fikof da yawa idan sun ɗaura tirela a baya, tankin ruwa ne ko babban janareto ko injin sussukar masara, sai suga mota ta canza hali gaba ɗaya, tashi sai kuloci yayi wari, ɗan hawa kaɗan sai an dawo giya biyu, toh abu na farko da suke zargi inji ne. A canza fulogi, a wanke nozul, a canza filta, wani ma har ya fara maganar sauke inji. Alhali sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, maganar tana can baya cikin aksul, a tsakanin ƙarafa biyu masu haƙori da ake kira kirawun wil da finiyon.

Finiyon shine ƙaramin, shi furofela (doguwar sandar da ke kawo ƙarfi daga giyabos) ke juyawa, shi kuma ya juya kirawun wil wato babban mai kama da faranti, daga nan ƙarfi ya tafi tayoyi ta haf-shaf, wato sanduna biyun da ke cikin aksul hagu da dama. Rashiyo ba wani abu bane illa ka ƙirga haƙoran babban ka raba da na ƙaramin. Haƙori 41 da 10 shine 4.10, 43 da 10 shine 4.30, 41 da 9 shine 4.56, 39 da 8 shine 4.88, 43 da 12 kuma 3.58. Ma'ana a 4.10 sai furofela ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. Duk sanda lambar ta ƙaru ƙarfin da ke isa taya ya ƙaru, amma gudun da kowace giya ke bayarwa ya ragu, kuma inji zai riƙa juyi da yawa a gudu iri ɗaya. Wanda ya taɓa tuƙa keke mai giya ya san abin, idan ka jefa sarƙa kan babban fariwil na baya hawa yayi sauƙi amma ƙafa sai ta yi ta juyi kafin kaje ko'ina. Daga 3.58 zuwa 4.10 ka samu ƙarin kusan kashi 14 cikin ɗari na ƙarfi a taya, daga 4.10 zuwa 4.56 kusan kashi 11. Injin kansa ba'a ƙara masa komai ba, dokinsa na nan yadda yake.

Kafin ka kashe ko sisi ka fara duba tayoyinka, dan wallahi rabin masu wannan kukan su suka jawo wa kansu. Mota tazo da 205R16 wanda tsayinsa wajen milimita 734 ne, mai ita ya ga siririya ce bata yi masa kyau ba ya cire ya zuba 285/75R16 mai tsayin wajen 834, kaga ƙarin ya kai kashi 13 da wani abu, ƙarfin da ke taɓa ƙasa kuma ya ragu da wajen kashi 12. Mai 4.10 ya koma tamkar mai 3.6 bai sani ba. Idan haka ne naka, hanya mafi arha ita ce ka maida tayar asali, shikenan magana ta ƙare. Idan kuma lallai sai manyan tayoyin saboda yashi ko hanyar gona, lissafin shine ka ɗauki rashiyonka na yanzu ka ninka da tsayin sabuwar taya ka raba da tsayin tsohuwar, 4.10 sau 834 a raba da 734 zai baka 4.66, wato sai ka zaɓi 4.56 ko 4.88, kuma wannan fa dan ka dawo inda kamfani ya barka ne kawai, ba'a ma fara maganar tirela ba.

Sai kuma ka san rashiyon da ke jikin motarka a yanzu, kar ka ɗauki maganar wanda ya sayar maka, kar ma ka gama yarda da farantin kamfani tunda motocinmu da yawa an taɓa canza musu aksul a wani hannun. Amma dai ka duba shi. A tsofaffin Toyota akwai lamba a farantin da ke cikin ɗakin inji, irin su G292 wato 4.10, G282 wato 4.30, G252 kuma 4.56. Motocin Amurka irin Ford F-150 lambar aksul tana jikin sitikar ƙofar direba, su Chevrolet Silverado kuma akwai jerin lambobi a sitika, GU6 shine 3.42, GT4 shine 3.73, GT5 kuma 4.10. Tabbacin gaskiya kuwa da alli ake samunsa. Ka tokare tayoyin gaba, ka saki hambirki, giya a firi, ka ɗaga tayar baya guda ɗaya, kayi alama da alli a taya kayi a furofela, sai yaro ya juya tayar cikakken juyi BIYU kai kuma kana ƙirga juyin furofela, abin da ka samu shine rashiyon. Juyi biyu ake yi saboda ɗaya tayar tana ƙasa bata motsi. Idan tayar taƙi juyuwa ko tana da tauri sosai to aksul ɗin mai LSD ne, wato irin wanda ke hana taya ɗaya ta riƙa juyawa ita kaɗai, sai ka ɗaga duka biyun ka juya sau ɗaya tak. Kuma tunda 4.10 da 4.30 suna da wahalar bambancewa da ido, ka juya tayar sau ashirin maimakon biyu, furofela zata baka 41 ko 43 ƙarara babu gardama.

Yanzu wane rashiyo zaka koma? Anan nake so ka zauna da kalkuletar wayarka, dan anan ake asarar kuɗi. Ɗauki taya 265/65R17, kewayenta wajen mita 2.44, wato tana juyi kusan 410 a kilomita ɗaya, a gudun 80 kuma tana juyi wajen 547 a minti. Giyabos ɗin R151F da ke cikin Hilux masu fowil da yawa giyarsa ta huɗu ɗaya-da-ɗaya ce, ta biyar 0.84, ta ɗaya kuma 4.31. Toh a giya biyar kana kan 80, mai 3.58 injinsa na juyi wajen 1,650 a minti, mai 4.10 wajen 1,880, mai 4.30 wajen 1,980, mai 4.56 wajen 2,100. Injin dizal irin 2KD ƙarfin murɗarsa yana cika tun daga wajen 1,600, saboda haka mai 3.58 yana bakin gaɓa ne, gudu na ɗan sauka inji ya fita daga inda ƙarfinsa yake, ka taka totur har ƙasa sai baƙin hayaƙi. Injin fetur 2.7 kuwa, 2TR da ya cika ƙasar nan, sai wajen 3,800 ƙarfinsa ke cika, shi yasa shi yafi buƙatar babbar lamba, kuma kar kaji tsoron ƙararsa idan yana 3,000 da kaya a baya, nan ne wajen aikinsa.

Amma ga abin da masu sayar da kaya ba zasu faɗa maka ba. Ka ninka 4.30 da 0.84 zaka samu 3.6, wato mai 4.30 a giya biyar daidai yake da mai 3.58 a giya huɗu. Kenan idan damuwarka a kan babban titi ce kawai, mota bata riƙe giya biyar da tirela, maganin kyauta ne, ka zauna a giya huɗu, dama ita tafi ƙwari dan ƙarfi kai tsaye yake wucewa ta cikin giyabos, giya biyar da kaya mai nauyi ita ke fara kuka a giyabos da yawa. Inda canjin rashiyo yake biyan kuɗinsa a ƙasa ne, wajen tashi daga tsaye, wajen ribas da tirela, wajen tashi a tsakiyar hawa bayan an tsayar da kai a shinge, dan a giyabos babu wata giya ƙasa da ta ɗaya da zaka sauka. A giya ɗaya 4.31 sau 3.58 jimla 15.4 kenan, da 4.30 ta koma 18.5, da 4.56 kuma 19.7, wannan bambancin shine tsakanin wanda ke riƙe rabin kuloci har sai ya ji ƙauri da wanda yake saki mota ta miƙe. Mai otomatik ma haka, man giyarsa yana rage zafi kuma ta daina wannan sintirin na hawa giya da sauka a kowane ɗan tudu.

Ni a ganina wanda ke jan tirela jefi-jefi, sauran kwanaki yana Kano zuwa Abuja babu kaya, mataki ɗaya ya ishe shi, 3.58 zuwa 3.91 ko 4.10, ko 4.10 zuwa 4.30. Wanda kuma jan kaya shine sana'ar motar yana iya tsallaka biyu. Wuce haka sai da manyan tayoyi. Ka tuna a gudun 110 da waccan tayar mai 3.58 yana wajen 2,260, mai 4.56 yana wajen 2,880, mai 4.88 ya haura 3,000, dizal a nan ƙara ce kawai da shan mai, kuma kowa ya san kuɗin mai yanzu. Sannan duk sanda lamba ta hau finiyon ƙanƙancewa yake, na 4.88 haƙori takwas ne, na 5.29 bakwai, haƙora kaɗan ke ɗaukar duk nauyin, ba abin da zaka so bane a motar da ke fizgar tan biyu.

Idan motarka fowil ce gaba da baya dole su zama rashiyo ɗaya. Ba shawara bace. Ka canza baya ka bar gaba, ranar da aka saka fowil a ƙasa mai tauri tayoyin gaba da na baya kowa da gudunsa, transifa (akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya) ko furofela ko haf-shaf ɗaya daga ciki zai iya karyewa, kuma kar kace ai ni bana saka fowil, direbanka zai saka ranar da ya kafe a laka. Saboda haka kuɗin aikin mai fowil ninki biyu ne, har ya ɗan fi dan na gaba yafi wahalar kwancewa.

Hanya biyu ake bi. Ta farko wadda tafi dacewa da yawancinmu ita ce ka sayi kan aksul ɗin ɗungurungum na Beljiyam mai rashiyon da kake so, dan aksul ɗin baya na Hilux irin wanda ake zare kansa ne ta gaba da komai a ɗaure, kamfani ya riga ya saita shi. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas ana samu. Kaje da allinka, ka ƙirga haƙoran da kanka a gaban mai shago, galibi ma an buga lambar a gefen kirawun wil kamar 41 10 ko 43 10. Ka duba haƙoran da fitilar waya, idan akwai tsaga ko ɓantarewa ko ƙananan ramuka ko sun yi shuɗi alamar sun taɓa ƙonewa ka ajiye. Ka kama filanjin da furofela ke ɗaurewa ka jijjiga sama da ƙasa, kar ya motsa ko kaɗan, ka juya shi kaji yana tafiya sumul da ɗan nauyi babu gurzawa. Kuma mafi kyau kaje da tsohon naka da haf-shaf ɗinka a gwada, dan yawan haƙoran bakin haf-shaf da ramukan filanji ba ɗaya bane a duk shekaru, kuma idan naka mai LSD ne ko mai makulli kar a baka fanko wanda bashi da ko ɗaya.

Sauke shi ba wuya. Mota a kan jak-sitan na ƙarfe, ba bulo ba, ba jak kaɗai ba. Ka juye man aksul ka duba maganaɗisun da ke jikin notin, ka yi alama a filanji da furofela dan su koma yadda suke sannan ka kwance, ka cire tayoyi da duram, ka kwance fayif ɗin birki da wayar hambirki da sensar ABS in akwai, ka kwance notuna huɗun bayan farantin birki ka zaro haf-shaf kowane gefe, a hankali kar ka yaga oyil sil, in ma son samu ne ka canza su tunda ka riga ka buɗe. Sai notunan da suka kewaye kan aksul ɗin, ka bar biyu a sassauce har sai ya saki dan nauyi gare shi kar ya faɗo maka a ƙirji. Ka wanke cikin kwanon tas, sabon gasket, ka mayar, ka zuba mai, ka fitar da iska daga birki. Aikin yini ɗaya ne.

Hanya ta biyu ita ce ka sayi sabon kirawun wil da finiyon a ɗaura a cikin naka, kuma motocin Amurka da aksul ɗinsu ke da murfi ta baya kusan wannan ce kawai hanyarsu in ba duk aksul ɗin zaka canza ba. A nan sai an nutsu. Na farko su biyun tare ake sayensu, a kamfani an goga su da juna har suka zauna, shi yasa zaka ga lamba iri ɗaya a jikinsu, kirawun wil na wata mota da finiyon na wata ko haƙoransu sun zo ɗaya kuka zasu yi har su mutu. Na biyu ka tambaya ko gidan da kirawun wil ke ɗaurewa zai karɓi sabon rashiyon, dan a wasu aksul irin Dana 44 gidan 3.73 zuwa ƙasa daban yake da na 3.92 zuwa sama, in ka tsallaka iyakar sai sabon gida ko kirawun wil mai kauri. Na uku ka haɗa da sababbin boris duka huɗu, da oyil sil, da notin finiyon, da shim kala-kala wato siraran zoben ƙarfe na saiti, da sifesar nan da ke lotsewa idan an ɗaure, ita sau ɗaya ake amfani da ita.

Sannan makanikin. Ka tambaye shi a hankali, oga ina agogon awon da zaka auna wasan haƙori dashi, ina sifana mai awo, ina fentin duba zaman haƙori? Idan yace shi da hannu yake ji, ka gode masa ka ɗauki kayanka. Ba raini bane, akwai masu hannu sosai, amma abin da ake nema a nan bai kai kaurin takarda biyu ba.

Kafin a kwance a auna wasan tsohon a rubuta, a yi alama a murafun boris na gefe dan na hagu baya zama a dama. Kirawun wil sabo ba'a buga shi da guduma, littafin Toyota ma cewa yayi a dafa shi a tafasasshen ruwa, ya ɗan buɗe, a goge a zura shi da zafinsa, idan ya huce a ɗaure notunan a gicciye da sifana mai awo, a na Toyota mai inci takwas wajen 97 Nm ne, a sa maganin kulle noti ko a lanƙwasa farantan makulli.

Abu huɗu ake saitawa kuma kowanne yana taɓa ɗan'uwansa. Zurfin finiyon, wato yadda ya shiga kusa da tsakiyar kirawun wil, da shim ɗin bayan kansa ake yi, ka fara da kaurin tsohon shim ɗin. Matsin boris ɗin finiyon, ana ɗaure notin kaɗan-kaɗan ana auna ƙarfin da ake buƙata a juya shi da ƙaramar sifana mai awo, adadin yana littafin motarka kuma na sabon boris yafi na tsoho, kuma idan ka wuce gona da iri ba'a sassautowa, sai dai sabuwar sifesa a sake daga farko, shi yasa masu wayo suke gwajin zurfi ba tare da sifesar ba sai a ɗaurin ƙarshe su sakata. Sai wasan haƙori, a riƙe finiyon a ɗora allurar agogo a kan haƙorin kirawun wil a girgiza shi, a na Toyota mai inci takwas ana neman 0.13 zuwa 0.18 na milimita, a auna a wuri uku ko huɗu a kewaye, idan wani wurin ya bambanta da yawa akwai datti a ƙarƙashin kirawun wil ko gidan ya karkace. Ana matso shi ko a nesanta shi da manyan notunan gefe, a wasu kuma da shim. Na huɗu matsin boris na gefe, shima kar ya zama sako-sako, dan da tirela a baya finiyon ture kirawun wil yake da ƙarfi, in akwai sakaci sai haƙori ya hau bakin haƙori.

Alƙalin duk wannan shine fenti. A shafa wa haƙora uku ko huɗu gaba da baya, a ɗan danne kirawun wil da tsumma ko katako dan ya samu nauyi, a juya finiyon gaba da baya, sai a karanta inda fentin ya goge. Ana son shaidar ta zauna a tsakiyar haƙori tsakanin samansa da gindinsa, ta ɗan karkata wajen bakin ciki ba laifi dan idan nauyi ya hau tana miƙewa waje. Idan shaidar tana can saman haƙori finiyon yayi nisa, a ƙara kaurin shim. Idan tana gindi ya shige da yawa, a rage. Kuma duk sanda aka taɓa shim ɗin finiyon wasan haƙori ya canza, sai an sake saita shi sannan a sake fenti. Ana iya kwancewa a mayar sau da yawa kafin ta zauna, kar ka tsaya kan makaniki kana duba agogo, aksul ɗin da aka yi gaggawarsa yana fara kuka ne tun a satin farko kuma da zarar haƙoran sun ci a gurguje babu saitin da zai dawo dasu.

Mai kuma GL-5 ake zubawa, 80W-90 ko 85W-140 ga mai jan kaya a zafin nan namu, in aksul ɗin mai LSD ne a nemi wanda aka rubuta LSD a jiki in ba haka ba zai riƙa ƙara a kwana. A cika har ya fara dawowa ta ramin zubawa mota tana daidai. Ka duba ɗan bututun numfashi da ke saman aksul, idan ya toshe da laka zafi zai tura mai ta oyil sil ya jiƙa maka birki.

Sababbin giya ba'a ɗaura musu tirela a ranar. Tafiyar farko kilomita 25 zuwa 30 a hankali cikin gari, ka tsaya ya huce sarai, kayi haka sau biyu ko uku, dan a farkon nan zafi suke yi sosai kuma idan man ya ƙone taurin fatar haƙorin ya tafi. Kilomita 800 na farko babu tirela babu lodi mai nauyi babu gudu ɗaya na tsawon lokaci, sannan ka juye man, zaka ga ɗan ƙyalli-ƙyalli kamar toka wannan ba komai, gutsattsarin ƙarfe ne abin tsoro. Ranar fara jan tirelar ma kayi gajeren zango ka tsaya ya huce kafin ka ɗauki doguwar hanya. Wanda ya sa kan aksul na Beljiyam baya buƙatar duk wannan tunda haƙoran sun riga sun zauna, amma ya canza mai da wuri dan bai san abin da ya kwana a ciki ba. Ka riƙa kasa kunne, kuka idan ka taka totur yawanci zaman haƙori ne, kuka idan ka ɗaga ƙafa sau da yawa boris ɗin finiyon ne ya saki, ƙwas kuma wajen tashi wasa ne yayi yawa.

Agogon gudu ma zai iya yi maka ƙarya. Idan daga giyabos ko transifa yake karantawa, kamar a tsofaffin Hilux, zai nuna fiye da gudun gaskiya daidai da kason da ka ƙara, ka tashi daga 4.10 zuwa 4.56 yana nuna 100 kana wajen 90, kuma kilomita zata riƙa taruwa da sauri. Ana gyarawa da canza ɗan giyar roba da ke bakin sensar ko a sa ƙaramin akwatin gyara, ka gwada da GPS na waya. Idan daga sensar ABS ta taya yake karantawa ba abin da zai canza. Motocin Amurka masu otomatik kuma wasunsu sai an shiga kwamfuta an gaya mata sabon rashiyon.

Kamfanonin kansu suna wannan lissafin, Toyota Tundra ta da mai inji 5.7 wadda aka haɗa dan jan tirela da 4.30 ta zo, Ford ma F-150 iri ɗaya nauyin da suka yarda ta ja yana bambanta tsakanin mai 3.31 da mai 3.55 da mai 3.73. Sai dai su idan sun yi haka suna haɗawa da abin sanyaya man giya da ƙugiya mai ƙwari da wayar birkin tirela, kai kuma rashiyo kaɗai ka canza, birki da sifirin da shasi da lagireto duk na da ne. Ko sabuwar Hilux ta 2015 zuwa sama da wasu masu dizal ɗinta aka yarda su ja kilo 3,500, sharaɗin tirelar tana da birkinta, marar birki kilo 750 ne iyaka, kuma yawancin tirelolin da masu walda ke haɗa mana babu birki ko ɗaya a jikinsu, tankin ruwa mai lita 2,000 kuwa ruwan kaɗai tan biyu ne banda ƙarfen. Motar da aka yiwa 4.56 zata hau Hawan Kibo na hanyar Jos da wannan tankin cikin sauƙi, saukowar ce abin ji, babban rashiyo yana taimakawa inji ya riƙe mota idan ka sauko a giya biyu amma ba zai tsayar da tan biyu da ke turo ka ta baya ba. Kuɗin da zaka kashe a aksul ka ware wani a sa wa tirelar birki, ko irin mai turawa da kansa daga ƙugiya ko na lantarki, kuma wajen lodi a bar wajen kashi 10 cikin ɗari na nauyin tirelar ya danna kan ƙugiya, idan kayan suka koma baya da yawa tana fara lilo ne tun daga gudun 70 ko 80, a sa sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin ƙugiyar, tayoyin bayan motar kuma a basu iskar cikakken lodi kamar yadda aka rubuta a jikin ƙofa.